Jingar Gonar Hajja

Kirikasamma, 9 ga Satumba, 1954

Zuwa ga ƙanena Bunu,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kana lafiya a makarantar mishan can kudu, Allah ya ƙara maka lafiya. Mu nan da sauƙi. Matarka Saude ta tashi daga zazzaɓi, amma mahaifiyarmu Hajja har yanzu ƙafafunta a kumbure suke.

Takardarka ta zo, na karanta da bokon da ka koya mini, har na so a ce ban iya ba. Na rubuta maka cewa kogi ya ɓalle ya cinye shinkafar Hajja, ya rushe rumbu da ɗakinta, kai kuma ka amsa mini da wa'azi shafi biyu. Wai Allah ne ya kira ka aikin bishara, wai wahala makaranta ce da yake gyara bayinsa a ciki. To malam, kai ne ɗan makaranta, mu kuma muke shan bulalar?

Ka san yadda ake yi a nan. Kafin ruwa ya taso, namijin gida ke raba goro ya kira gayya a tara ƙasa a ɗaga jinga ta tare wa gona ruwa, kuma wanda ya je ta wani shi ake zuwa tasa. Shekara biyu ba ka je ta kowa ba. Na tuƙa tuwo, na aika goro gida-gida, mutum uku suka zo. Maƙwabcinmu Bakari ya gaya mini ido da ido cewa ba don addininka ba ne, gayya ramuwa ce. Kada ka ɗora wa Allah wannan, Bunu. Kwandon ƙasarka ne babu a jingar.

Ban taɓa zaginka don ka bi Almasihu ba. Ni na tare maka faɗa ranar da Kawu Umara ya ware maka kwano. Amma yau raina a ɓace yake ƙwarai. Bulama mai garinmu ya ce idan ruwa ya janye bai ga namiji a gonar nan ba, zai ba wani, ga shi ita kaɗai ke ciyar da Hajja.

Saude da 'yarka Zainaba suna gaishe ka. Hajja ba ta ba da saƙo ba. Tana zaune a rumfar zana a kan tudu, duk kwalekwalen da ya tsaya sai ta ɗaga murya ta kira sunanka. Ka ce ka ji kiran Allah. Wannan kiran fa, yaushe za ka amsa?

Ni ce yayarka,
Bintu