Kunnuwanka, Yaya Sule

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya kai da iyali a can Ringim, ƙanwarka Hajara ce daga Zawaciki. Na rubuto ne saboda waya ba ta da amfani a tsakaninmu: in yi ta ihu har maƙwabta su leƙo, kai kuma kana ce min sabis ne babu kyau. Na kuma sa takardar a inda jama'a za su gani, don na san halinka, in a hannu aka miƙa maka, cikin aljihu za ta tsufa.

Jiya autanka Nura ya zo yi min sallama, za su tafi horon harbi a aikin tsaron da ya samu. Na tambaye shi abin da zai toshe kunne da shi, sai ya yi dariya, wai kai ka ce masa namiji ba ya toshe kunne don ƙarar bindiga. Kai da bakinka, Yaya! Wallahi sai da na ajiye buta na zauna.

To bari in tuna maka, tunda ka manta.

Ka dawo daga soja, ka samu shugabancin masu gadi a wata majemar fata a Challawa. Ni kuma ina ɗakin shan magani na wata masaƙa a Sharaɗa, ina wanke ciwo ina raba ƙwayoyi. Duk Asabar sai ka kwashi mutanenka zuwa ramin da ake ɗibar burji a bayan kamfani, ka yi ta koya musu harbi, ƙarar tana dukan bangon ramin tana dawo muku. Ran Lahadi, maimakon ka huta, sai ka saɓa bindigarka mai baki biyu ka nufi bakin kogi neman fakara. Ka dawo gida kana karkaɗa kai kamar wanda ruwa ya shige wa kunne, kana cewa, "Zuwa gobe zai sake ni."

Ni kuwa a wurin aiki kullum ina ganin masaƙan da injin ya cinye wa kunne, magidanta da ƙarfinsu, sai an taɓa kafaɗarsu suke juyowa. Shi ya sa na tasa ka a gaba.

Da auduga na fara, don ita ce a hannuna. Ka ce tana yi maka ƙaiƙayi, kuma ƙarar tana ratsa ta. A nan kam ka fi ni gaskiya, busasshiyar auduga ba ta tare komai. Sai ka koma dabararku ta barikin soja, kana cusa gindin sigari a kunne. Kai da ba ka shan taba, kana bi kana roƙon guntaye a wajen direbobi! Sati biyu kunnenka na hagu ya yi ruwa, ni ce dai na wanke.

Na je na tsaya a ƙofar mai kula da sito har ya gaji da ganina, ya ba ni irin abin da ake sa wa masu aiki a ɗakin saƙa, mai kamar ƙoƙo biyu da baka a tsakiya. Na ɗauko shi a jaka kamar na ɗauko zinariya. Ka sa sau ɗaya. Ka ce gumi yana taruwa a ciki, ka ce hularka ba ta zama, ka ce in ka kwantar da kunci a kan gindin bindiga sai ya ture ƙoƙon, ƙarar ta shiga. Na yarda yana turewa. Amma ainihin dalilin, daga baya na ji shi: mutanenka ne suka fara kiranka matuƙin jirgi. Bayan wata guda na tarar da ƙoƙo ɗaya a hannun Inna, tana ɗibar wa kaji dawa da shi, wai kai ka ba ta.

Ban daddara ba. Na narka kakin zuma na cuɗa da auduga, na mulmula maka guda shida a gwangwanin alewa. Wannan ya zauna daram, ya kuma rage ƙarar. Ka bar gwangwanin a kan sirdin keke cikin ranar bazara, ya narke ya zama abu ɗaya, ka kawo min kana dariya.

Na ƙarshe shi ne wanda har yau in na tuna sai raina ya ɓaci. Na hau bas har Bompai, wajen masu sayar da kayan kariya na ma'aikata, na samo na roba mai laushi, girma uku, kowanne da zarensa. Na zaunar da kai a kan turmi a tsakar gida, na ja kunnenka sama na gwada ɗaya bayan ɗaya har muka dace da na tsakiya. Ba ya zafi, ba ya faɗuwa, bai hana hula zama ba, bai taɓa gindin bindiga ba. Ranar Asabar ka dawo babu karkaɗa kai, ka ce, "Hajara, wannan kam ya yi." Na yi alwala na yi nafila.

Asabar ta uku ka dawo wuyanka babu zare. Ka ba Illa, mai gadin nan mutumin Damagaram, don ya ce kunnensa yana kuka. Abin da ka faɗa min shi ne, "Shi sabo ne, ni nawa sun riga sun saba." Ba sabawa suka yi ba, Yaya, mutuwa suke yi a hankali. Ga sauran biyun a gida, ka ce ɗaya ya yi maka kaɗan, ɗaya ya yi yawa, kuma kada in sake wahalar da kaina. Illa yana nan a Kumbotso da ransa, ko raɗa aka yi a bayansa sai ya waiwayo.

Daga nan sai rediyonka ya fara cika unguwa. Ka ce gyare yana maka kuka a kai dare da rana. A masallaci sai ka ga na kusa da kai ya sunkuya kake sunkuyawa. Duk da haka in an yi magana sai ka ce mutanen yanzu ne ba sa buɗe baki.

Nura na saya masa nasa, na roba da kuma na ƙoƙo mai siririn gefe, na ce in a cikin gini za su yi harbi ya haɗa duka biyun. Ya karɓa don kunyata, amma maganarka yake ji, ba tawa ba. Ka kira shi kafin ya tafi, ka janye abin da ka faɗa. Shi ke nan roƙona.

Akwai kuma wani abu da na riƙe maka shekara da shekaru. Ranar da Inna za ta rasu, da hantsi, ka durƙusa a gefen gadonta, kunnen hagu ne ta wajenta. Ta riƙe hannunka ta yi magana a hankali, sau biyu. Ka yi murmushi ka ce, "A'a Inna, na ci, na ƙoshi." Ka ɗauka abinci take tambaya, kamar kullum. Ta dube ni, ta lumshe ido.

A lokacin ban gaya maka ba don ɗakin cike yake da mutane. Bayan nan kuma na kasa, don ba magana ce da ake faɗa da ihu ba. Ga ta a rubuce, ka karanta a hankali. Cewa ta yi, "Sule, na shaida ka riƙe ni da kyau. Na yafe maka duniya da lahira. Allah ya yi maka albarka."

Taka ce, Yaya. Ka yafe min da na daɗe da ita.

Allah ya jiƙan Inna, ya haskaka kabarinta. Allah ya ƙara maka lafiya da nisan kwana, ya sassauta maka wannan taurin kai ko da kaɗan ne, ya tsare Nura a inda za shi, ya dawo mana da shi da jinsa da ganinsa. Amin.

Ƙanwarka da ba ta gaji da kai ba,
Hajara