Zobban Sanduƙin Sa'adu

Dakoro, bakwai ga watan Rajab

Zuwa ga Inna, a Korahan.

Bayan gaisuwa mai yawa da ladabi, ina fatan kina lafiya, ke da mutanen gida duka. Ya ƙafar taki? Wannan takarda Malam Alhusaini kaɗai zai karanta miki, kuma a sallami kowa daga ɗakin tukuna.

Kin ji rasuwar Sa'adu madugu, Allah ya jiƙansa. Da aka zo rabon gado sai aka kira ni in yi wa sanduƙinsa ƙima, wancan mai aljihu shida da kakansa ya ɗauko daga Tarabulus a bayan raƙumi. Intalla, ɗan marigayin, ya riga ya shirya da wani Ba'abzine a kan raƙuma huɗu, muddin na shaida cewa zobban da ake jan aljihunan da su azurfa ce. Mutumin ya ce bakina kaɗai zai yarda da shi, tunda ni ɗan Isufu maƙerin fari ne. Wallahi na ji daɗin wannan magana.

Na yini a kansa. Aikin mutanen arewa ne, babu tantama: ba ƙusa ko ɗaya a kusurwoyinsa, katakon ya shiga juna kamar yatsun hannu. Na jawo aljihu na sa hanci, ƙamshin itacen yana nan har yau. Samansa ya tsage kamar taƙi guda, zafin ƙasarmu ne. Gara ta ɗan taɓa ƙafa ɗaya ta baya, ba ta yi nisa ba, domin Uwale, tsohuwar baiwar gidan, a kan duwatsu take ɗora shi.

Sai na zo kan zobba, goma sha biyu ne. Huɗu na sama azurfa ce tsantsa. Takwas na ƙasa, da na ƙwanƙwasa su, ban ji muryar azurfa ba. Na karci ɗaya ta ciki, ja ya fito. Tagulla ce aka shafe da dalma. Inna, da ma a nan abin ya tsaya. Sawun zarton da ke jikinsu daga hagu ya taso, kuma bahagon maƙeri ɗaya na sani a ƙasar nan. Hannun Baba ne.

Na ce musu ban gama dubawa ba. Nan da kwana bakwai zan dafa Alƙur'ani gaban liman in faɗi ƙimarsa. Don Allah ki gaya mini, sanduƙin nan ya taɓa kwana a maƙerarmu?

A gaida Lami da yara.

Ɗanki,
Tanimu

Dakoro, sha biyar ga watan Rajab

Zuwa ga Inna.

Ina gaishe ki da kyau, Allah ya ƙara miki lafiya da haƙuri.

Saƙonki ya iso. Yanzu na san an kawo shi gyara a shekarar da aka ci har irin shuka, na kuma san azurfar nan ita ce kunun da ya raya mu, ni da Lami. Kin ce in rufa masa asiri, wanda ke kabari ba ya iya kare kansa. Na ji haushinsa, Inna, ba zan ɓoye miki ba, shi da ya koya mini auna azurfa yana cewa kada in tauye ko ƙwayar gero. Daga baya tausayinsa ya kama ni har na kasa cin tuwo.

Jiya aka taru. Na ce sanduƙi na asali ne, zobba huɗu azurfa, takwas tagulla, ƙimarsa raƙuma biyu. Niyyata in tsaya nan, ba ƙarya kuma ba tonon asiri. Amma Intalla ya miƙe, ya ce shekara arba'in mutum ɗaya ke taɓa sanduƙin nan, ya nuna Uwale, wai ita ta sace azurfar. Ya rantse ba za ta ƙara kwana a gidan ba. Tsohuwar da ba ta da kowa, ina za ta?

Sai na ji ina faɗin sunan Baba, da shekarar, da sawun zarton. Ba'abzinen ya ɗaura takobinsa ya fita. Intalla bai amsa sallamata ba.

A ƙofar gida Uwale ta tsayar da ni. Ba ta yi mini godiya ba. Ta ce: "Na gane tun ranar da aka dawo da shi. Na ga yadda kuka zama a shekarar nan, shi ya sa nake goge zobban duk mako kada a lura."

Gobe kasuwa ce, labarin zai iso Korahan kafin rana ta faɗi. Ina so ki fara ji daga gare ni: da bakina na faɗa, ba wanda ya matsa mini. In kin yarda in zo in durƙusa gabanki, ki aiko. In ba ki aiko ba, na gane.

Allah ya gafarta wa Baba.

Ɗanki,
Tanimu