Dabarar Ramatu

Laraba, bayan lisha

Na gaji tilis, amma raina fes. Tun watan jiya nake fama da manyan ɗalibaina, likitocin da ke dab da gama ƙwarewa, kan abu guda: mai shan ƙwaya magani ya zo nema, ba wa'azi ba. Sai su ce sun ji, amma marar lafiya na zama su hau shi da "ka ji tsoron Allah".

Yau wani dattijo daga Tsibiri ya kawo ɗansa, ɗan kabu-kabu, ƙwayar tramol ta fara kada shi daga bisa moto. Na bar wa Ramatu, ɗaya daga cikin ɗaliban nan, na koma gefe. Duk tambayar da ta yi, uban ke amsawa: "Ɗana bai shan komi." To wa zai buɗe baki gaban mahaifinsa?

Na zaci za ta daburce. Sai ta russuna ta ce, "Baba, zan duba jikinsa, sai ya tuɓe riga. Ku ɗan huta a inuwa." Dattijo ya fita da kansa, har da sa albarka. Kuma ba ta ce "kana sha?" ba. Cewa ta yi, "Ɗan'uwa, ƙwaya nawa ke kai ka yamma?" Sai yaron ya faɗa mata. Ya ce shi ma ya gaji, Litinin zai dawo.

Da la'asar na gifta ta ƙofar biro, ofishin likitoci, na ji tana koya wa ƙananan likitoci dabarar rigar. Wannan kam ba ni na koya mata ba. Gobe ni zan ara.