Kujerar Babban Ma'ajin Sojan Ruwa

Kiru, daren Alhamis, watan Safar 1377

Bismillahi. Yau malamin makaranta ya karanta mini wasiƙar ɗana Hamisu daga Ikko, kuma har yanzu zuciyata tafasa take yi. An sake hana shi kujerar babban ma'aji, mai biyan sojan ruwa albashi. Tun yana ƙaramin akawu a ma'aikatar jiragen ruwa Turawa uku suka hau kujerar nan, kowannensu Hamisu ne ya nuna masa kan aikin. Na ukun ya koma ƙasarsu, sai aka kawo na huɗu, ko gemu bai tsayar ba, wai shi ne mai takardar shaida. Ashe ɗan da na koya wa rabon gado da kaina, yana fitar da sudusi da sumuni ba kuskure, shi ne marar shaida?

Ƙarshen wasiƙar ya fi ƙona mini rai: "Baba, ka sa sabon maigidana a addu'a, domin in ya ɓata lissafi, ni za a kama."

Na ɗauki carbi, na ajiye. Zan yi masa saboda Hamisu, amma sai da asuba, in na huce.