Kafin Jami'ar Ta Iso

Baban 'Yar Baba,

Na tafi makaranta. Na ga barci ya ɗauke ka, ban tashe ka ba. Yau jami'ar kula da marayu za ta zo duba jaririn, don haka ka karanta wannan tukuna.

Ni da kai mun daɗe a gidan nan babu kukan yaro, har Allah Ya sa aka ba mu riƙon 'Yar Baba, yanzu kuma ga ƙanenta. Jiya da ya ƙi yin shiru, ka ce masa da wasa, "Malam, ci gaba, gobe a mayar da kai inda aka ɗauko ka." Ashe tana bakin ƙofa.

Ɗazu ina yi mata wanka na ga gwiwarta ta ƙuje, jinin har ya bushe. Tun jiya ta faɗi, ta haɗiye kukan. Da na tambaye ta sai ta ce, "Mama, ni ban yi kuka ba. Shi ma ki ce masa ya yi shiru."

Madararsa na kan tebur, ka ɗiga a bayan hannunka ka ji ɗuminta kafin ka ba shi. In ya sha, ka ɗora shi a kafaɗa har ya yi gyatsa, sannan ka kwantar da shi rigingine.

Ita kuma na lallashe ta, amma daga bakinka maganar ta fito, daga bakinka za ta yarda. Don Allah ka zaunar da ita kafin baƙuwar ta ƙwanƙwasa ƙofa. Ka bi ta a hankali. Abin da ta fahimta shi ne, a gidan nan wanda ya yi kuka mayar da shi ake yi.

Mamansu