Abin da Na Gani a Ƙarƙashin Ɗankwalin Umma

Zuwa ga Yayata,

Assalamu alaikum. Ina fatan kina lafiya, ke da maigidan da yara, Allah ya ƙara muku lafiya da rufin asiri. Mu nan Auta ta ci jarrabawarta, ƙafar Kawu kuma ta fara taka ƙasa. Na rubuta wannan a takarda na turo miki hotonta ne, domin in na kira zan faɗi abin da ba ya gyaruwa.

Yaya, ranar Litinin na ga kan Umma. Ta gurɗe hannu a bakin famfo, dole ta bar ni na wanke mata gashi. Da na tsefe kitson, sai ga tsakiyar kanta fili kamar tafin hannuna, sumul yana sheƙi, gefensa ja da ƙuraje. Ashe mai kitsonta, wadda ke shiga gidan nan tun muna firamare, ta ƙware wajen janyo gashin gefe da ƙarfi ta lulluɓe wurin. Filin na ƙaruwa, tana ƙara ja. Da na tambayi mai kitson, ta ce ita aikinta rufa wa mace asiri, ba tonawa ba. Na yaba mata riƙon amana.

Umma ta ce ke kaɗai ta gaya wa, shekara uku ke nan. Sai na gane kwalaben man da kike aikowa, guda bakwai a gaban madubinta, kowace da hoton mace mai gashi har gadon baya. Ni kuwa ina ta sa miki albarka, wai Yaya ba ta manta da kwalliyar Umma. Kin yi jinyar uwarmu ta waya, kin kuma ce kada a gaya min, don zan tayar da hankalin mutane da zancen asibiti. To, na tayar. Ni ma da nawa laifin: gida ɗaya muke, ban taɓa tambayar abin da ya sa ba ta cire ɗankwali ko a ɗakinta ba.

Likitar fata da na kai ta wurinta ta ce kumburi ne ke cin tushen gashin ta ciki. Inda ya ci sai ya bar tabo, tabo kuma ba ya tsiro, ko man zinariya aka shafa. Na gefen ne ake iya cetowa, in an daina ja, an daina laftar mai, ana shan magani ana allura. Ta sa aka gwada jini, domin irin wannan ciwon yakan zo tare da ciwon sukari. Sukarin Umma ya hau sosai. Ƙishirwar nan tata da kika ce zafin gari ne, ga sunanta.

Umma ta saurari likita da ladabi, ta yi godiya, muka dawo ta cusa magungunan a ƙasan akwati. Ta ce wai sai ta ji abin da kika ce. Digirina biyu ba su kai kiranki ɗaya ba a gidan nan, na daɗe da haƙura da wannan. Amma ta aika wa mai kitso ta zo ranar Alhamis, wai ba za ta zauna da kai a tsefe kamar mahaukaciya ba.

Ki kira ta kafin Alhamis. Ki ce ta sha magani, ta sallami mai kitso. Ba sai kin ce kin yi kuskure ba. Ki ce ma shawararki ce tun farko, zan tsaya in ba da shaida. In ba ki kira ba, zan tare ƙofa, Umma ta yi fushi ta koma ɓoye min kanta, ɗan abin da ya rage ya bi sauran.

Ki gaishe min da maigidan, da Babba, da 'Yar Lele. Auta da Kawu suna gaishe ki. Umma ba ta san na rubuto ba, kuma na san kin iya riƙe sirri.

Taki,
ƙanwarki