An Tuna da Turancina

Ƙanena Sale,

Gaisuwa mai yawa. Ya iyali, ya jikin Hajiya, ya ruwan Fatakwal?

Albishirinka! Bayan shekarun da aka jingine ni kamar tsohon keke, jiya maƙwabciyarmu Malama Rifkatu ta zo tambayata bambancin sulky, grumpy da moody. Na ce na farko mai kumbura baki ne ya ƙi magana, na biyu mai mita, na uku kuwa yanzu fara'a, anjima hadari.

Ta ce, "Baba, ai na biyun kai ne!"

Ban musa ba. Ranar Litinin zan koyar da ajinta a Nasarawo, har na kai rigata guga. Ka yi mini addu'a kada Turancin ya gudu a gaban yara. Gai da kowa.

Yayanka,
Buba